Jan Farce Ruwan Toka

Ni dai ban taɓa zaton zan ga ranar da mace mai rai, mai jini a jika, za ta zauna da hankalinta ta shafe farcenta da launin toka ba, har ta miƙo hannu tana jiran a yaba. Sai ga shi na gani a tsakar gidana, a hannun jikata da ta zo mini hutu daga Ƙonni. Ina tankaɗe ta miƙo mini ƙwarya, idona ya faɗa kan yatsu goma kamar an tsoma su a murhun da ya kwana. Rariya ta suɓuce mini. Ban san lokacin da na cafke hannun na ja ta cikin rana ba, ina danna farcen da babban yatsana, ina salati ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ja'irar sai dariya har da riƙe ciki, wai yayi ne, duk 'yan matan lakwal ɗinsu, makarantar boko ke nan, shi suke sawa, ja ya zama na 'yan ƙauye. Na sake ta, na ce kaina ke juyawa, na shige ɗaki. Har aka kira la'asar ban fito ba. Ta ɗauka tsufa ne, na bar ta a haka. Ban gaya mata cewa na taɓa ganin wannan launin a farcen mace sau ɗaya ba, kuma ba daga kwalba ya fito ba.

Mu da muka tashi, lalle muka sani. A tsinko ganye, a shanya, a daka, a kwaɓa, a zura hannu cikin zunguru a zauna kamar an ɗaure akuya, hanci na ƙaiƙayi ba damar susa. Garinmu ɗan ƙauye ne, tafiyar hantsi ce a amalanken jaki kafin ka kai bakin kwaltar da ta miƙe Ƙonni. Ba lasifika, ba injin niƙa. Abin da ke tada mutum shi ne muryar ladan tsirararta, sai tari daga zaure, sai taɓarya ta fara a gida ɗaya, na kusa ya amsa, kafin rana ta fito gari duka ya ɗauka. Ina iya gane wadda ke daka ko ban gan ta ba. Akwai mai lugude da tafi, akwai wadda taɓaryarta ke faɗuwa a hankali kamar tana neman gafarar turmi. Daga daka sai rijiya, daga rijiya sai itace, a dawo a dama fura. Yau jikata ba ta san nauyin guga ba, kuma ban ce laifinta ne ba. Ni ma da na sami famfo a lokacin da ban waiwayi rijiya ba. Abin da kawai nake kewa shi ne a wancan zamanin kowa yana jin motsin kowa, in taɓaryar mace ta yi shiru kwana biyu sai an aiko tambaya.

Mai aiko tambayar kuwa yawanci Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, da ke zaune can ƙarshen gari wajen tsamiya. Ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan gawar mata, saboda haka ba macen da ta shigo duniya ko ta fita a garinmu ba ta hannunta ba. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga goro kullum a kunci. Farar yana ta fara rufe mata ido ɗaya, amma ɗayan ya ishe ta. Ba ta gaisawa da mace haka kawai. Sai ta kama hannunki ta ja ki rana, ta kai farcenki kusa da idonta mai kyau, ta danna, ta saki, ta tsaya kallon yadda jini zai dawo. In ya dawo da sauri ta tura ki ta ce je ki, ƙatuwar banza. In ya yi nawa sai ta fara tambayoyin da ke sa mace ta so ƙasa ta tsage. Takan ce baki yana ƙarya, kwalli yana ƙarya, amma ita ba ta taɓa kama akaifa da ƙarya ba. Ko lalle ba ya hana ta, don bayan kwana kaɗan gindin farce yana fitowa fari, nan take dubawa. Mu 'yan mata muna gudunta, muna kwaikwayon tafiyarta a bayan ido.

Ni ce auta a ɗakinmu, ni ce kuma aka sa lakwal da aka zo ɗaukar yara. Shekara biyar na yi. Faransancin ya zube tun tuni, amma baƙaƙen sun zauna, kuma da su na zama wata tsiya a unguwa. Lokacin ne littattafan soyayya suka fara tsallako iyaka daga wajen Sakkwato, cikin kayan direbobi da jakar mata masu zuwa biki. 'Yan sirara ne, takardar mai kaushi, a bango an zana yarinya ta yi tagumi da hawaye ɗaya ƙato a kumatu. Sau da yawa littafi na ɗaya kawai ke iso mu, labari ya tsaya a daidai inda saurayi ya juya baya, na biyu ba za mu taɓa ganinsa ba, sai mu ƙarasa da bakinmu mu yi ta gardama. Da farko ina karantawa ina tuntuɓe, daga baya har murya nake sauyawa, ta namiji daban, ta mace daban. Matan aure su kewaye ni suna tsinkar zogale ko ɓarar gujiya, in an zo wajen wasiƙa kowa ya tsaya da aiki. Wallahi na so littattafan nan, kuma ba zan yi munafunci yanzu don na tsufa in ce ban so su ba. A cikinsu na fara jin cewa namiji yana iya tambayar mace abin da take so, ya kuma tsaya ya ji amsa.

Sai kuma bidiyo. Wani Alhaji mai fataucin albasa ya kawo shi da injin wutarsa, matarsa takan bar mata su shiga bayan azahar in ba ya gari. A rufe taga da zane, zafi kamar a mutu, inji na ruri a waje, mu kusan talatin a ƙasa muna kallon Indiyawa. Ba wadda ke jin yarensu. Wata da ta kalla sau uku ita ke fassara, rabi gaskiya rabi nata. Abin da na lura, littafin da fim ɗin duk bakinsu ɗaya a kan abu guda. In masoyi ya tafi, yarinya takan bar cin abinci, ta rame, ta yi fari, jiri ya riƙa ɗibarta, ta kwanta a gado mai farin mayafi tana ƙara kyau. Likita ya zo ya duba ya girgiza kai ya ce ba ciwon asibiti ba ne. Ranar da masoyin ya dawo sai ta miƙe garau. Mun ga wannan ya fi a ƙirga, har muka haddace shi kamar karatun allo. Ciwon so muke kiransa, kuma a ranmu kowace tana fatan wata rana ita ma ya kama ta.

A wannan shekarar aka kawo wa Yaya mata. Yaya shi ne ɗan farin Inna, kuma shi ya ga yarinyar da kansa a wani biki wajen Illela ya ce ita yake so, ita ma ta ce shi. Sunanta na yanka ba zan faɗa ba. Amarya kowa ke ce mata, kuma ba ta daɗe ba balle sunan ya tsufa. Ta girme ni da shekara biyu ko uku, doguwa, mai wushirya, mai saurin dariya. Da yake ba ta faɗin sunan dangin miji, sai ta sa mini Malama saboda karatun. Wata uku suka yi tare bayan girbi, sannan Yaya ya bi sauran samarin gari bida, wato ci-rani, can bakin teku, sai damina ta kusa. Haka kowa ke yi, ba wanda ya ga abin magana. Aka ce in riƙa kwana ɗakinta don kada kaɗaici ya dame ta. Inna kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta shiga ɗakin, ba ta kallon fuskar matarsa, in za ta ba ta aiki ma sai ta faɗa wa iska ko ta faɗa mini. Ita ma Amarya in ta ji motsin Inna sai ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Gida ɗaya suke, amma ba na jin Inna ta taɓa ganin tafin hannunta.

Cikin kayan aurenta akwai wata 'yar kwalbar jan farce, ja wur, mai ɗan buroshi a murfi. Ba a saba ganinsa a garinmu ba, amma ƙa'idarsa kowace mace ta sani. Yana hana ruwan alwala taɓa farce, saboda haka ba a sa shi sai a kwanakin da mace ba ta salla, in ta yi wanka ta kankare abinta. Wata Laraba da zafi ya fara, Inna ta tafi kasuwar Ƙonni da ƙuli-ƙulinta kamar yadda take yi duk mako, Amarya ta fito da kwalbar ta ce, Malama, zo ki sa mini, ina hutu. Na zauna na shafa mata ɗaya bayan ɗaya ina hura iska, warin nan mai hawa kai ya cika ɗakin. Muka ɗaga hannun a hasken ƙofa, muka yarda ko 'yar fim ba ta fi ta ba. Laraba ta zagayo, ta ce ya fara ɓarewa, in ƙara mata. Na ƙara a kan na da. Wata Larabar ma haka. Na tambaye ta sau ɗaya, na ce har yanzu? Ta kau da kai ta ce ita nata haka yake, yana jinkiri. Ni da nawa bai wuce kwana biyar ba, na ji abin wani iri, amma na ce ita matar aure ce, ta fi ni sani.

Ina ganin komai, wannan shi ne abin da ba zan iya kai wa gaban Allah in ce ban sani ba. Na ga tsummokin da take wankewa a bayan ɗaki ta shanya ƙarƙashin zane don kada a gani. Na ga ta bar lugude, taɓarya tana yi mata nauyi, in ta ja guga biyu sai ta zauna bakin rijiya tana haki. Tuwo ta ɗan taɓa ta ture. Leɓenta ya yi fari, tana kuka da sanyi alhali mu zufa muke yi. Da yamma jikinta ya yi zafi, da safe ya sauka. Akwai kuma wani wari a ɗakin da turaren wuta bai iya rufe shi ba. Amma sai wani da ya dawo daga bida ya kawo kaset ɗin da Yaya ya yi magana a ciki, ta ari rediyo ta saurara a ƙarƙashin mayafi tana hawaye, ni kuma na ce shi ke nan, na gano. Na je na shelanta wa ƙawayena cewa matar Yaya ciwon so take yi, irin na littafi sak. Suka riƙa zuwa leƙenta da sha'awa. Muna tsokanarta, tana murmushi tana cewa ku dai Allah ya shirye ku. Ina jin ita ma ta fi son wannan bayanin, don ya fi wanda ta ɓoye daɗin faɗa.

Laraba ta huɗu na sake shafa mata. Ranar Juma'a sai ga Gwaggo da sandarta, wai ta kwana biyu ba ta ji taɓaryar gidan ƙanenta yadda ta saba ba. Amarya ta fito ta durƙusa, hannuwa cikin mayafi. Gwaggo ta fizgo ɗaya ta ja ta rana, ta kai kusa da ido, ta ga ja. Ta danna, ba abin da ya sauya. Ta sa farcenta ta karta, bai fita ba. Ta kai hannu za ta ja fatar idonta, Amarya ta sunne kai tana dariyar kunya ta ƙi ɗagowa. Sai Gwaggo ta juyo kaina, don ga jan a gefen babban yatsana, ba sai an gaya mata mai shafawa ba.

"Ke ɗiyar nan, yaushe anka sa wanga abu?"

Na ce shekaranjiya.

"Shi na na farko, ko an taɓa sawa?"

Amarya ta ɗago ido ta dube ni ta ƙarƙashin mayafi. Kallon bai fi ƙiftawa ba, amma roƙo ne. Ni kuma a lokacin lissafina daban. In na ce Laraba huɗu, za a tambayi abin da muke yi duk Laraba in Inna ba ta nan, littattafan da ke ƙarƙashin katifa za su fito, gidan bidiyo zai fito, Baba zai ƙone su ya hana ni fita. Na ce, "Na farko ne, Gwaggo." Har na ƙara da cewa kewar Yaya ce ke damunta, don a yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta daɗe riƙe da hannun tana juya shi, sannan ta saki.

"To. In ya kai kwana bakwai ba ta koma salla ba, ki taho da gudu ki gaya min. Kin jiya?"

Na ce na ji. A ranar an riga an wuce kwana ashirin.

Daga wannan Juma'ar tsoro ya shige ni, bai kuma fita ba har yau. Na bar iya karatu, in na buɗe littafi baƙaƙen su yi ta yawo. Sai in zauna ina danna farcena ina kallon jini yana dawowa, in saci kallon nata, ja ƙyal-ƙyal, ba abin da yake gaya mini. Na ce mata mu kankare ko ɗaya ne mu gani. Ta ce in bari, saura kaɗan ya ɗauke, kuma in na faɗa wa wani ba ita ba ni. Ranar Lahadi na kama hanyar gidan Gwaggo, na kai rabi na juyo. Ranar Litinin na kai har ƙofa, na yi sallama, ta amsa daga ciki ta ce lafiya? In na faɗa, sai na fara da cewa na yi mata ƙarya ido da ido, ita da ba a yi wa. Na ji bakina ya ce Inna ce ta aiko ni a ba ta kanwa. Ta ba ni kanwar, ta tambayi Amarya, na ce da sauƙi. Na dawo gida da kanwa a hannu ina kuka a hanya, ina gaya wa kaina ai damina ta kusa, Yaya na dawowa za ta miƙe.

Larabar da ta biyo, Inna ta fita tun da sassafe. Da hantsi Amarya ta ce bari ta taya ni surfe ko jikinta ya saki. Ta ɗaga taɓarya sau uku, a na huɗu ta tafi da ita ƙasa. Da na juya ta na ga zanenta ya jiƙe har ƙafa, ƙasar wajen turmi tana shanyewa. Ban san yadda na kai gidan Gwaggo ba, na dai san ba takalmi a ƙafata. Maƙwabcinmu ya ɗaura jaki, aka shimfiɗa tabarma a amalanke, Gwaggo ta rungume kanta, ni na riƙe hannuwanta, Baba na biye da ƙafa yana salati. Nufinmu mu kai bakin kwalta mu tari mota zuwa gidan likita. A fim, mai mutuwa takan yi dogon jawabi, ta ba da saƙo, ta ambaci sunan masoyi. Ita ba ta ambaci kowa ba. Ta ce ruwa, aka ɗiga mata. Ta ce, Malama, rufe ni, sanyi. Rana tana tsakiyar ka, jakin ma kumfa yake yi. Muna hango motoci suna wucewa can nesa Gwaggo ta ce wa mai amalanke ya tsaya, ya juya gida.

Bayan azahar aka shiga wanka. Budurwa ba ta shiga wajen, ina rakuɓe bayan rumbu sai aka ce Gwaggo na kira. Na shiga ɗakin da nake kwana, na tarar an rufe ta da zane, hannu ɗaya a waje. Gwaggo ta miƙo mini reza.

"Ruwa ba ya shiga. Ke kika sa, ke za ki fidda. Idona ba ya gani."

Na durƙusa na kama yatsan farko. Yana da sanyi da nauyi, ba ya taimakona yadda ya saba in ina shafawa. Na fara kankara, jan yana tashi ɓawo-ɓawo, wani kan wani. Gwaggo ta tsinci ɓawo ɗaya ta murza tsakanin yatsunta, ta kai kusa da idonta mai kyau. Ta tambaye ni hawa nawa ne. Na ce huɗu. Na jira mari, wallahi da ta mare ni da na ji sanyi. Sai ta ce kawai, ci gaba. Da jan ya fita, abin da ke ƙasa toka ne, toka mai ɗan duhu wajen gindi, ba ɗigon jini ko na rantsuwa. Don wauta na sa babban yatsana na danna, na saki, na tsaya jira. Gwaggo ta ɗauke mini hannu a hankali ta ɗora a kan yatsa na biyu. Haka na bi su goma.

Da aka fita da ita, Gwaggo ta tsayar da ni mu biyu. Ta ce ciki ne, na fari, ya ɓare tun kusan wata guda ya bar saura a ciki, shi ya yi ta zubar da ita yana ruɓa. Yarinya ce, cikin fari ba a faɗinsa, balle a faɗi ɓarewarsa a gidan surukai miji ba ya nan. Ta ce da an kai ta tun ranar Juma'ar nan, wankin ciki ne da ƙarin jini, ta ga waɗanda suka fi ta muni sun tashi, amma kwana ya ƙare. Ta ce ba za ta gaya wa kowa ba, don ba ta ga wanda faɗin zai amfana ba, kuma ni yarinya ce da ba ta yi aure ba, magana irin wannan tana bin mutum. Ta cika alkawari har ta koma ga Allah. Sai dai daga ranar ba ta sake kama hannuna ta ja ni rana ba, ko da na yi cikin fari wata ta aiko.

To, ni ce matar da yaran yanzu ke cewa ta cika sa ido. In na ga jan farce a hannun yarinya sai na tambayi kwana nawa, su yi ta zumɓura baki. Ba na cewa littafi haram ne, ba na cewa a fasa tele a bar kallo. So gaskiya ne, na gan shi a gidanmu. Abin da nake riƙe da su da shi, ba su taɓa nuna tsumma ba, ciwo a cikinsu ba ya wari, kuma kullum yana jiran namiji ya dawo. Mu da muka ruɗe, aƙalla a taro muke karatu, wata babba tana iya wucewa ta ji ta ce kai, ƙarya ne. Yanzu kowace ta toshe kunne da waya, wata murya tana karanta mata ita kaɗai, ta yi dariya ita kaɗai, ta share hawaye ita kaɗai. Indiyawan ma sun koyi Hausa, ba a bukatar mai fassara. Ba taɓaryar da za ta yi shiru a ji, inji ke niƙa wa kowa. Akwai gidan likita kusa, akwai kabu-kabu da zai kai ka cikin ɗan lokaci, na gode wa Allah da wannan. Amma sai an sani ake ɗaukar mutum a kai shi, kuma ban ga mai kama hannun wani ba. Ja ma ya ɓoye mini abin da ya ɓoye. Shi wannan na toka, ko Gwaggo ta dawo ba ta san wadda za ta fara ja rana ba.

Yaya ya dawo da ruwan farko. Labari ya same shi a makare, sai da aka yi sadakar arba'in. Ya shigo da akwati, da atamfa biyu da ya saya mata, ya yi gaisuwa a zaure kamar namiji, bai zubar da hawaye gaban kowa ba. Inna ba ta iya magana da shi, Gwaggo ta ce masa zazzaɓi ne da ƙarar kwana. Kwana uku bayan haka ya same ni ina ba awaki dusa. Ya ce, Auta, ke kika kwana da ita, gaya mini gaskiya, me ya same ta? Ga dama Allah ya ba ni, ta uku ko ta huɗu. Na dubi fuskarsa, tsoro ya sake kama ni, na ɗauko abin da na haddace na ba shi. Na ce tun da ka tafi ta bar cin abinci, kullum kaset ɗinka take ji tana kuka, tunaninka ne ya kwantar da ita. Na zaci zai ji daɗi a ce an so shi haka. Ya dafa bangon rumbu, ya ce, ashe ni ne. Ya juya ya fita.

Bai sake zuwa bida ba. Sa'o'insa suka yi ta tafiya suna dawowa da rediyo da keke, daga baya da kuɗin gina soro, shi yana nan yana fama da gona da ɗan dako a Malbaza, inda ya zauna har yau. Ya daɗe kafin ya sake aure, kuma matarsa ta taɓa yi mini ƙorafi cewa ko kwana ɗaya ba ya yarda ya yi a wani gari, ko da ta'aziyya ce sai ya dawo. 'Ya'yansa maza da suka so tafiya sai da aka kai ruwa rana. Bai san ya taɓa samun ciki da ita ba. In na je gidansa yakan nuna ni ga jikokinsa ya ce, kun ga wannan, ita ta yi jinyar matata ta fari ita kaɗai tana yarinya, Allah ya saka mata. Su ce amin, ni ma in ce amin. Baba ya tafi, Inna ta tafi, Gwaggo ta tafi. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san abin da ya faru a ɗakin nan.

Da ƙaramar sallar da ta wuce aka aiko cewa jikinsa ya matsa. Na hau kabu-kabu da niyya, tun daga gida nake jera maganar a bakina, daga Laraba ta farko har zuwa kanwa. Na same shi kwance a rumfa, ya zama ƙashi da fata. Ya sa aka ba mu wuri, ya lalubo hannuna ya riƙe. Kafin in fara sai ya riga ni. Ya ce shi ba mutuwar yake tsoro ba, haɗuwa da ita yake tsoro, yarinyar mutane da ya ɗauko daga gidansu ya ajiye ya tafi neman atamfa.

"Auta, ke kika ga ƙarshenta. Kina ganin ta yafe mini?"

Na buɗe baki, Allah shi ne shaidata na buɗe. Na ce, "Ta yafe, Yaya." Ya ce alhamdu lillahi, ya sake mini hannu, ya rufe ido. Yana nan da rai har yanzu, jiya ma an ce ya sha kunu. Cikinmu biyu ban san wanda za a fara kira ba.